Muhawara: ɗalibi ya bar fanninsa ya koma kimiyyar kwamfuta don ya zama injiniyan manhaja, ko ya ƙarasa abin da ya fara?

Mai Gabatarwa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambayar nan ta yawaita, gara mu zauna mu feɗe ta. Ɗalibi ya cinye zango huɗu cikin takwas a wani fanni, a ce kimiyyar halittu ko akanta ko injiniyan kanikanci, sai sha'awar rubuta manhaja ta kama shi. Ya koma sashen kwamfuta ne, ko ya ƙarasa digirinsa yana koyon firogiramin a gefe? Don Allah a kawo lissafi da dalili, ba "yi abin da ranka ya kwanta da shi" kawai ba.

Malama:
Wa alaikumus salam. Kafin a kai ga ra'ayi, akwai ƙirgen da yawancin ɗalibai ke yi ba daidai ba. Sai su duba kiredit nawa ya rage musu, su raba da adadin da ake ɗauka a zango, su ce shekara biyu ta isa. Ba adadin kiredit ke yanke lokacin gamawa ba, jerin kwasa-kwasan da wani ke jiran wani ne. A kusan kowane sashen kwamfuta sai ka ci gabatarwar firogiramin ta farko za a bar ka ka shiga ta biyu, sai ka ci ta biyu za ka shiga tsarin bayanai (kwas ɗin yadda ake jera bayanai a cikin shiri), daga nan algoridim (dabarun warware matsala mataki-mataki) da babbar manhajar sarrafa kwamfuta, sannan aikin kammalawa. Zango biyar ke nan a jere, kuma ba a haɗa biyu daga cikinsu a zango ɗaya, komai ƙoƙarin mutum. Wanda ya riga ya ci zango huɗu, idan bai taɓa ɗaukar ko ɗaya daga cikin jerin ba, mafi sauri ya gama a zango na tara. Idan kuma akwai kwas ɗin da sau ɗaya ake koyar da shi a shekara, ya zo bai dace da lokacinsa ba ko ya faɗi, to na goma ne ko fiye.

Don haka matakin farko shi ne ya karɓi kundin kwasa-kwasan sashen, ya ɗauki takarda ya ja kibiya daga kowane kwas zuwa wanda ke jiransa, ya nemo layin da ya fi tsawo. Tsawon wannan layin shi ne amsarsa.

Baban Kod:
Malama, da girmamawa, lissafinki ma hujja ce a wajena. Me zai sa mutum ya ƙara shekara ɗaya ko biyu, ya biya kuɗin makaranta da na zama, ya kuma rasa albashin waɗannan shekarun, alhali kayan karatun suna nan kyauta? CS50, kwas ɗin gabatarwar kwamfuta na jami'ar Harvard, yana intanet, jami'ar MIT ta buɗe laccoci da atisayen kwasa-kwasanta da yawa ga kowa. Harshen firogiramin na Python, da Git mai adana tarihin gyaran kod, da babbar manhajar Linux, ba a biyan ko sisi. Ya ƙarasa digirinsa, ya riƙa ba firogiramin awa goma a mako. Cikin shekara biyu awa dubu ke nan. Kod, wato rubutun umarnin da ake ba kwamfuta, ba ya tambayar takardar shaida kafin ya yi aiki.

Malama:
Awa dubu a kan me? Nan gizo ke saƙa. Mai koyo shi kaɗai yakan bi abin da ke ba da sakamako a allo nan take, ya tsallake abin da ke da wuya kuma ba a ganinsa.

Injiniya:
Bari in fito da abin da Malama ke nufi da misali, don kada ya zama magana a iska. An ba ka jerin masu rajista ka gano sunayen da aka maimaita. Hanyar da take fara zuwa wa mai koyo ita ce ya ɗauki kowane suna ya gwada shi da duk sauran. Da suna 1,000, gwaji kusan miliyan ɗaya ne, kafin ka ƙifta ido ya gama, sai ka ɗauka ka iya. Ranar da sunayen suka kai 100,000, gwajin ya koma biliyan 10, shirin ya tsaya cak ana ta jira. Wanda ya yi tsarin bayanai ya san zai zuba su a teburin hash, wato ma'ajin da ke gano ko abu yana ciki ba tare da bin ɗaya bayan ɗaya ba, ya bi jerin sau ɗaya, matakai kusan 100,000 an gama. Haka neman abu a jerin miliyan ɗaya: bin ɗaya bayan ɗaya zai iya cin mataki miliyan, amma idan jerin a tsare yake kana raba shi biyu kana zubar da rabi, mataki 20 ya isa, domin idan ka fara daga 1 kana ninkawa biyu har sau 20 za ka sami 1,048,576.

Ga wani da ya fi wannan haɗari. Asusu yana da 100. Buƙatu biyu na cire 80 suka iso sabar, wato kwamfutar da ke karɓar buƙatun, a lokaci guda. Kowacce ta karanta ta ga 100, kowacce ta ce kuɗi ya isa, kowacce ta rubuta saura 20. An fitar da 160 daga asusun 100. A kwamfutarka ba za ka taɓa ganin wannan ba, tunda kai kaɗai kake danna maɓallin. Maganinsa kulle layin asusun ne a rumbun bayanai har buƙata ɗaya ta gama, ko a haɗa dubawa da cirewa su zama aiki ɗaya da ba ya rabuwa. A kwas ɗin rumbun bayanai da na babbar manhaja ake tilasta wa ɗalibi ya san irin wannan. Ana iya koyonsa a gida? Ƙwarai kuwa. Matsalar ita ce mutum bai san akwai shi ba balle ya nema.

Baban Kod:
To ai ka faɗa da bakinka, Injiniya: ana iya koyo a gida. Kundin kwasa-kwasan jami'o'i a buɗe yake, har jagorar manhajar karatu da ƙungiyoyin masana kwamfuta da injiniyoyi na ACM da IEEE suke fitarwa kowa na iya saukewa. A bi shi mana. Kuma a faɗi gaskiya, akwai masu digirin kwamfutar da ba su iya buɗe reshe a Git, wato kwafin kod na gefe da mutum ke aiki a kai, su haɗe shi ba tare da sun rikita aikin abokan aikinsu ba.

Injiniya:
Wannan gaskiya ne, ban musa ba. Digiri ba ya koyar da aiki cikin tawaga sosai.

Mai Tantance Ma'aikata:
Yallaɓai Baban Kod, shawararka ta fi dacewa da kasuwar 2021. A Nuwamban 2022 Meta ta sallami ma'aikata 11,000. A Janairun 2023 Google ta sanar da 12,000, Microsoft 10,000, Amazon 18,000. Ba duka injiniyoyi ba ne, amma ƙwararru da yawa sun dawo neman aiki, suna gogayya da sabbin shiga. Idan gurbi ɗaya na ƙaramin injiniya ya tara ɗaruruwan takardu, ba mai lokacin buɗe GitHub ɗin kowa, wato shafin intanet da masu firogiramin ke ɗora kod ɗinsu. Ana fara tacewa da abin da ke da sauƙin tacewa: wane digiri, an taɓa horon aiki ko ba a yi ba. Ba adalci ba ne, amma haka abin yake tafiya.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, babban amfanin zama ɗalibin sashen ba takardar ƙarshe ba ce, ƙofar horon sanin makamar aiki ce. Yawancin waɗannan guraben sai wanda yake kan karatu, kuma manyan kamfanoni suna buɗe neman su watanni da yawa kafin lokacin farawa. Jarrabawar shiga kuwa tambayar tsarin bayanai da algoridim ce, minti 45 zuwa awa ɗaya, kana rubuta kod kana bayanin dalilinka da baki. Ba a fafe gora ranar tafiya: wanda ya sauya fanni a makare, bai kai ga kwas ɗin tsarin bayanai ba sai a shekarar ƙarshe, lokacin neman horon ya wuce shi. Ya biya kuɗin sauyin bai ci ribarsa ba.

Sai maganar aiki a wata ƙasa. Bizar H-1B ta Amurka tana neman digiri mai alaƙa da aikin ko kwatankwacinsa, kuma a ƙa'idarsu shekara uku ta ƙwarewar aiki ke maye shekara ɗaya ta jami'a. Tarayyar Turai ta sassauta a dokar Blue Card ta 2021, wato izinin aiki na ƙwararrun baƙi, inda ma'aikacin fasahar sadarwa zai iya shiga da ƙwarewar shekara uku cikin bakwai da suka wuce ko ba digirin. To amma sai ka sami aikin farko kafin ka tara shekara ukun.

'Yar Lissafi:
Kun yi ta magana kamar fannin da zai bari shara ce. Ya danganta da wane fanni ne, kuma ukun da Mai Gabatarwa ya ambata ba ɗaya suke ba.

Ɗan injiniyan kanikanci ko na lantarki, ko mai karanta lissafi ko fiziks, ya riga ya yi kalkulas da aljabarar matiriks. Tallan aiki da yawa cewa suke yi digirin kwamfuta ko fanni mai alaƙa, kuma waɗannan suna shiga ciki. Irin wannan ɗalibin a ganina kuskure ne ya sauya bayan zango huɗu. Ya koyi harshen firogiramin na C, ya sayi ƙaramin allon lantarki na Arduino ko STM32, ya sa na'urar auna zafi ta riƙa kunna fanka tana kashewa. Manhajar da ke cikin mota da injinan masana'anta da na'urorin asibiti tana buƙatar wanda ya fahimci ƙarfe da wutar da yake ba umarni, abin da ɗan kwamfuta zalla yakan rasa.

Ɗan kimiyyar halittu yana da tasa ƙofar. Kundin gadon ɗan'adam harafi kusan biliyan 3 ne, ba mai karanta shi da ido. Harsunan Python da R da ilimin ƙididdiga su ne kayan aikin wurin. Sai dai a gaya masa gaskiya: guraben wannan fannin ba su kai na manhajar gama-gari yawa ba, kuma galibi suna son digiri na biyu.

Ɗan akanta ma yana da abin da zai kawo. Buɗe Python ka rubuta 0.1 + 0.2, za ta ba ka 0.30000000000000004, saboda kwamfuta da tsarin biyu-biyu, wato na 0 da 1, take ajiye lamba mai ɗigo, kuma 0.1 ba ta ƙarewa a wannan tsarin. Shi ya sa ba a ajiye kuɗi da irin wannan lambar, sai dai a ƙirga da mafi ƙanƙantar kason kuɗin a matsayin cikakkiyar lamba, ko a yi amfani da nau'in lamba na Decimal, mai ajiyewa da tsarin goma-goma. Mai ilimin akanta shi zai fara lura littafi bai daidaita ba. Amma shi lissafin da ya yi bai kai na injiniya ba, don haka idan zai sauya, hanyarsa ta fi tsawo.

Mai Gabatarwa:
To ta yaya ɗalibi zai gane sha'awar ta gaske ce, ba labarin albashi ne ya ɗebe shi ba?

Injiniya:
Ya gwada kansa kafin ya taɓa fom. Mako shida zuwa takwas, awa takwas zuwa goma a mako. Makonni biyun farko: Python, wato ajiye ƙima, sharaɗi, maimaitawa, fonkshon, jeri. Daga na uku ya rufe bidiyon koyarwa gaba ɗaya, ya ɗauki aiki ɗaya nasa na kansa. Misali shiri mai karanta fayil ɗin CSV, wato tebur da aka rubuta layi-layi, na makin ɗalibai, ya fitar da matsakaici, ya jera su, ya kuma jure layin da aka bari babu komai ko aka rubuta harafi a gurbin lamba ba tare da ya mutu ba. Sannan ya mai da bayanan cikin ƙaramin rumbun bayanai na SQLite, ya rubuta gwaje-gwaje biyar ko shida masu tabbatar da lissafin, ya riƙa ajiye kowane mataki a Git.

Ba kyawun shirin ake aunawa ba. Akwai ranar da zai shafe awa uku yana neman abin da ya hana shirin tafiya, ƙarshe ya gano ƙirge ne ya fara daga 1 maimakon 0. Abin dubawa shi ne yadda ya ji cikin awa ukun nan. Idan yana karanta saƙon kuskuren, yana buga ƙimomi yana rage wurin zargi har ya kama ɓarawon, to aikin ke nan, haka zai yi ta yi shekara da shekaru. Idan kuwa duk lokacin da ya maƙale sai ya koma sabon bidiyo don ya sake jin daɗin fahimta, to kallon firogiramin yake so, ba yin sa ba. Sharaɗi ɗaya: cikin makonnin nan kada ya bar ChatGPT ko Copilot su rubuta masa. Ya tambaye su ma'anar saƙon kuskure in ya so, amma hannunsa ya rubuta, in ba haka ba gwajin bai auna komai ba.

Malama:
A ƙara masa gwajin lissafi, domin ba firogiramin ke kayar da masu sauya fanni ba kamar lissafin rarrabe: mandiƙi, tarin abubuwa, ƙirgen zaɓi, zanen mahaɗai, da kafa hujja. Ya zauna ya tabbatar da cewa 1 + 2 + … + n daidai yake da n(n+1)/2 ta hanyar hawa mataki-mataki, wato ya nuna gaskiya ne ga 1, sannan idan gaskiya ne ga k to gaskiya ne ga k+1. Ba sai ya iya a zaman farko ba. Amma idan bayan mako guda dabarar ba ta shiga ba kuma ransa a ɓace yake, ya duba sashen fasahar sadarwa ko na tsarin bayanan kamfani, inda lissafin ya fi sauƙi.

Wannan ma wani wurin tuntuɓe ne. Sunayen sassan suna kama, cikinsu daban. Kimiyyar kwamfuta ta fi nauyin ka'ida da algoridim. Injiniyan manhaja yana rage ka'idar ya ƙara tattara buƙatun mai aiki, zanen tsari, gwaji da tafiyar da tawaga. Injiniyan kwamfuta rabinsa lantarki ne, da'irori da masarrafi, kuma shi ya fi tsawon jerin kwasa-kwasan dole. Dukansu suna kai mutum aikin manhaja, don haka mai sauyawa a makare ya zaɓi wanda ya fi karɓar kiredit ɗinsa, ba wanda sunansa ya fi daɗin faɗa ba.

Baban Kod:
Tunda an ambaci ChatGPT, ku amsa min wannan. Mutum ya ƙara shekara biyu don ya koyi aikin da na'ura ke rubutawa cikin daƙiƙa goma? Ni a nan ma nake ganin riƙe fanni biyu ya fi aminci.

Injiniya:
Rabin maganarka na yarda da ita. Ƙananan ayyukan da a da ake ba sabon shiga ya koyi hannu da su, irin su fom da shafi mai sauƙi, su ne na'urar ta fi iyawa, kuma wannan ya ƙuntata ƙofar shiga. Amma ka lura wa abin ya fi taɓawa: wanda iyakarsa haɗa shafi daga darasin bidiyo. Na'urar tana iya ba ka kod mai kyan gani da ke ɗauke da matsalar asusun nan da na kawo, ko wanda ke manna rubutun mai amfani kai tsaye cikin tambayar SQL, wato umarnin da ake aika wa rumbun bayanai, har ɓarawo ya kwashe rumbun. Wani ne zai karanta ya ce a'a. Rokar Ariane 5 da ta tarwatse ranar 4 ga Yuni 1996, ƙasa da minti ɗaya da tashinta, kod ɗin da aka ɗauko daga Ariane 4 ne ya kashe ta. A can yana aiki lafiya lau. A sabuwar rokar saurin ya fi, wata lamba da ake kwashewa daga babban gurbi mai bit 64 zuwa ƙarami mai bit 16 ta wuce 32,767, iyakar abin da ƙaramin gurbin ke ɗauka. Rubutun bai canza ba, yanayin da aka sa shi ne ya canza ba a sake gwadawa ba. Gano irin wannan shi ne aikin injiniya, kuma yana buƙatar tushen da kake cewa a tsallake.

Baban Kod:
Ban ce a tsallake tushe ba, ɗan'uwa. Cewa na yi ba sai an sauya sashe ba.

'Yar Lissafi:
Akwai hanya ta uku da ba a taɓo ba: ya gama digirin farko, ya yi na biyu a kwamfuta. Jami'o'in Birtaniya da dama suna da digiri na biyu na shekara ɗaya da aka tsara musamman don waɗanda suka fito daga wani fanni. Jami'ar Georgia Tech ta Amurka tana da na intanet tun 2014, kwas goma, ana yi ana aiki, sai dai shi yana son ka zo da tushen firogiramin da tsarin bayanai, ba daga sifili yake farawa ba. Ga wanda ya kai zango na shida ko na bakwai, ƙarin shekara ɗaya ko biyun da zai kashe a sauyi ita ce za ta ba shi digiri biyu maimakon ɗaya. A zango na ɗaya ko na biyu kuwa ba abin dogon tunani ba ne, in ya ci gwajin Injiniya ya sauya kawai, asarar kaɗan ce. Zango na uku zuwa na biyar ne ake buƙatar takarda da biro.

Malama:
Ga wanda ke tsakiyar nan, kada ya sa hannu a fom sai ya sami amsar waɗannan a rubuce, ba da baki ba, don wanda ya yi maka alƙawarin baki ba lallai shi zai duba fayil ɗinka ranar kammalawa ba. Waɗanne kwasa-kwasansa za a ƙirga a matsayin na dole, waɗanne za su zama na zaɓi kawai? Lissafin da aka koya wa ɗaliban kasuwanci ko na halittu sau da yawa ba a karɓarsa a madadin kalkulas na sashen kimiyya, ko da sunan ya yi kama. Akwai mafi ƙarancin maki na shiga sashen, ko iyakar adadin da suke ɗauka? Tsohon makinsa zai bi shi ko za a fara sabo? Tallafin karatu ko bashin da yake ci na zango nawa ne, kuma an ɗaure shi da fannin? Shekara nawa jami'ar ke bari ɗalibi ya yi kafin ta sallame shi? Ɗalibin da ke karatu da biza ya ƙara da tambayar ofishin ɗaliban waje.

Dabarar da ta fi aminci ita ce ya ɗauki kwas na farko na firogiramin a matsayin na zaɓi yana nan a sashensa. In ya sauya, ya riga ya rage zango ɗaya daga jerin. In bai sauya ba, kiredit ɗin ya shiga lissafinsa. Kuma zangon farko bayan sauyi kada ya tara tsarin bayanai da lissafin rarrabe da kalkulas na biyu don ya kamo lokaci, biyu masu nauyi sun isa. Faɗuwa ɗaya a jerin nan tana ture duk abin da ke bayanta.

Mai Gabatarwa:
In kuma sashen ya cika, ko makinsa bai kai ba fa?

Injiniya:
Ya yi amfani da guraben zaɓinsa ya ɗauki kwas huɗu, a wannan tsarin: firogiramin, tsarin bayanai, rumbun bayanai, sai ɗaya tsakanin babbar manhaja da sadarwar kwamfutoci. In jami'ar tana rubuta ƙaramin fanni a takardar sakamako, ya cike sharaɗinsa don mai tacewa ya gani. Aikin kammalawarsa kuma ya karkatar da shi ya zama manhaja a cikin fanninsa, da malamin da zai duba kod ɗin, ya ɗora shi a GitHub da bayanin yadda ake kunna shi da gwaje-gwajensa. Ya fara tambayar sashen kwamfuta tun yanzu ko suna barin ɗaliban waje su yi rajistar tsarin bayanai, domin a wurare da yawa 'yan sashe ake fara ba wa kujera, saura sai abin da ya rage.